Murɗi Goma Sha Takwas

Shekara talatin da ɗaya Baba Makulli ya yi yana buɗe wa gari ruwa yana rufewa, kuma a tsawon shekarun nan bai taɓa sakin jiki da kowa ba. Ba mugun mutum ba ne, aikin ne ya mayar da shi haka. Wanda duk mai gaishe shi ruwa yake nema, dole wata rana ya fara auna gaisuwa. In aka ce masa, "Baba, an tashi lafiya?" sai ya amsa yana leƙen bayan mutum, ko da jarka a ɓoye. In maƙwabta suka aiko da abinci, ba zai buɗe kwanon ba sai ya tambayi matarsa wane layi ne bai samu ruwa ba jiya.

Sunan daga kayan aikinsa ya samo shi. Wani ƙarfe ne da ya kai masa ƙirji, da hannu a gicciye a sama, da baki mai kusurwa huɗu a ƙasa. Da shi ake murɗa bawul, wato ƙofofin da ke jikin manyan bututun ruwa a ƙarƙashin ƙasa, kowanne cikin ɗan raminsa da murfin ƙarfe. Yana saurayi ya shiga gidan ruwa a matsayin lebura, lokacin da ake shimfiɗa bututun, don haka da guminsa aka binne rabinsu. Takardun da aka zana hanyoyin a ciki, gara ta ci wasu, ruwan sama ya gama da sauran a wani ɗakin ajiya mai yoyo. Daga nan taswirar garin ta koma cikin kan mutum ɗaya. Bawul arba'in da uku ne, ya san wanda kwalta ta hau kansa, ya san wanda aka gina shago a gefensa, ya san wanda sai an ɗaga teburin mai shayi ake kai gare shi. Shekarun ritaya suka zo suka wuce, ba wanda ya yi gigin ce masa ya huta.

Matarsa tela ce, kekenta na bakin ƙofar ɗaki, shi ma Tela yake ce mata in yana cikin raha. Ita kaɗai ke iya yi masa dariya ido na ganin ido. Takan ce da ana sa wa inuwa kwaɗo, da Malam ya daɗe da kulle tasa. 'Ya ɗaya Allah ya bar musu, tana auren wani mai walda a bakin kasuwa, mutum mai kunya da ƙarancin magana.

Da can aikin ba shi da wuya, ruwa ya ishi kowa har yara na wasa da shi a lungu. Sai gari ya yi ta faɗaɗa. Aka sare itatuwan bakin kogi aka yi gonaki da gidaje, yashi ya dinga gangarowa yana cike madatsar ruwa. Injinan turo ruwa suka koma zaman jiran wuta. Bututun da aka binne da ƙuruciyar Baba suka tsufa tare da shi, suna tsiyaya a inda ido ba ya gani. Masu hali kuma suka sa injin zuƙa a gidajensu, suna janye rabon maƙwabta suna yi musu jajen rashin ruwa da safe. Abin da ya rage ba ya isar kowa a rana ɗaya, dole aka koma rabo, rabon kuwa a hannun Baba Makulli yake.

Mafi wuyar rabon yana mararrabar tsohuwar tasha. Nan babban bututu ya rabu biyu, ɗaya ya gangara unguwar kwari, ɗaya ya hau unguwar tudu. Ruwa malalaci ne, in ji Baba, ba ya hawa sai an tsare masa hanyar gangara. Saboda haka duk Litinin da Laraba da Asabar da safe yakan matse bawul ɗin kwari don ruwa ya hau tudu. Murɗi ashirin da huɗu ke rufe shi ruf, amma in an rufe ruf tsohon bututun fashewa zai yi. In an tsaya a goma sha biyar, ruwa ya hau rabin tudu ya gaji. Goma sha takwas, ba ƙari ba ragi, shi ke kai shi har ƙarshen unguwa, inda makarantar firamare take da ƙaramin asibitin haihuwa. Ba abin da ake gani a cikin ramin, ƙirga ce kawai. Washegari sai ya dawo ya buɗe yana ƙirgawa har ƙarfen ya tsaya. Abin da ya rufe jiya shi zai buɗe yau, kuma shekara da shekaru lissafin bai taɓa saɓawa ba.

Wata Talata a tsakiyar rani ya zo buɗewa, ƙarfen ya tsaya a goma sha uku.

Yana tsaye yana kallon ramin sai ga ungozomar asibitin tudu ta gangaro, idanunta duk sun faɗa don gajiya.

"Baba, jiya ko ɗigo ba mu gani ba. Haihuwa biyu na karɓa da jarka ɗaya. Abin da dangin matan suka samo mana, ko wanki ba zan yi da shi ba, balle in wanke jariri."

"Na rufe," ya ce.

"Ban ce ba ka rufe ba."

"To wani ya buɗe."

Ta dube shi, ta ce Allah ya kyauta, ta juya. Duban nan shi ya tsaya masa a rai. A duniya ba shi da gida na a zo a gani, ba shi da mota, abin da ya tara duka shi ne ana cewa ƙirgar Baba Makulli ba ta kuskure kuma hannunsa bai taɓa karɓar na kowa ba. Yanzu wani yana son ya raba shi da wannan, kuma da matan tudu zai yi amfani.

Wanda ya fara faɗo masa a rai mai bulo ne na unguwar kwari, wanda tankunansa ba sa rabo da ruwa ko gari na ƙishi. Ya je ya tsaya a bakin wurin ya sha toka yana kallon tankunan ɗaya bayan ɗaya. Mai bulo ya taso yana fara'a, ya ce daga rafi motar tanka ke kawo masa. Baba ya ce ai bai tambaye shi ba. A ransa kuwa ya ƙara wa mutumin laifi ɗaya, don mai gaskiya ba ya ba da amsa tun ba a yi tambaya ba.

Ranar Laraba da ya gama rufewa ya sa tsinken tsintsiya a ƙarƙashin murfin, yadda duk wanda ya ɗaga sai tsinken ya faɗi. Alhamis ya tarar da tsinken yana nan daram, ƙirga kuma goma sha biyar. Da wani ne, da ya huce, ya ce ba mai taɓawa. Baba cewa ya yi ɓarawon ya iya aikinsa, ya ga tsinken ya mayar da shi inda yake. Ranar Asabar ya roƙi mai faci na mararrabar suka turo wata matacciyar mota suka ɗora tayarta a kan murfin, shi kuma ya wuni a rumfar yana kallon ƙafar duk mai wucewa. Lahadi aka ture motar, ya buɗe, ƙarfen bai tsaya ba sai a ashirin da ɗaya. Ɓarawon ruwa da ke ƙara rufe ruwa, wannan ko a labari ba a taɓa ji ba. Baba ya ce izgili ne, ana nuna masa an fi shi wayo.

Kafin mako biyu tudu ya jigata. Makaranta ta rufe banɗakunanta, yara na tashi tun kafin azahar. Mata na gangarowa kwari da bokitai, matan kwari na tare bakin famfo suna cewa kowa ya tsaya a rabonsa, har aka fasa wa wata baki da murfin jarka. Gudawa ta shiga gidaje uku. Magana kuma ta fara yawo a ƙasa-ƙasa, wai mai bulo ya toshe wa Baba baki. Ba wanda ya faɗa masa a fuska, amma ya ji ta a yadda hira ke mutuwa in ya iso da ƙarfensa a kafaɗa.

A wannan shekarar ne aka kawo sabuwar injiniya gidan ruwa, yarinyar da ba ta kai 'yarsa ba, kullum da littafi a hannu. A lissafinta, ruwan da ke zubewa a ƙasa ya kusa kai wanda ke isa famfunan mutane. Abin da take so shi ne ta san inda kowane bawul yake, ta dinga rufe layi ɗaya-ɗaya har ta gano inda ake yoyon a gyara, sannan a kafa wa asibiti da makaranta tankin tarar ruwan rufi kafin damina. Baba ya san maganarta gaskiya ce, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Ya riga ya yanke a ransa cewa ranar da ta gama rubutawa, ranar za a ce ya ajiye ƙarfe.

"Baba, bawul nawa ne a garin nan?" ta taɓa tambayarsa.

"Da yawa."

"Na layin makaranta fa, ina yake?"

"Yana nan inda aka sa shi."

Yanzu ita ma ta shiga cikin waɗanda yake zargi. Wa ya sani, ko ita ke sa a taɓa don a ce tsoho ya gaza? Sai dai ko ita, ko mai bulo, ko ma waye, ba ya murɗa bawul da farce. Dole akwai makulli na biyu. Nasa kuwa sau ɗaya tak ya taɓa kwana a wajen gida, bara da hannun ƙarfen ya karye, ya yi kwana biyu a shagon surukinsa.

Tela ta ga inda tunanin ya dosa tun bai furta ba.

"Malam, kada ka je," ta ce. "In ka faɗi maganar nan ba za ta haɗiyu ba."

Ya tafi. Mai walda na ganinsa ya kashe injin, ya cire gilashin ido, ya durƙusa yana gaisuwa. Baba ya tsallake gaisuwar.

"Kawo ɗayan."

"Wane ɗayan, Baba?"

"Wanda ka ƙera da nawa ya kwana a nan."

Maƙwabtan shago suka zuba ido. Baba ya shiga yana ture rodi da guntayen kwano da ƙafa, ya leƙa bayan ƙofa, ya leƙa ƙarƙashin benci. Surukin yana durƙushe inda yake, kansa a ƙasa. Da aka gama binciken ba a ga komai ba, a hankali ya ce, "Baba, in ka ce na yi, ba zan yi musu da kai a gaban mutane ba. Amma ban yi ba."

Daga ranar 'yarsu ta daina leƙowa, jikoki suka daina zuwa gaisuwa. Tela ta yi kwana uku ba ta ce masa komai ba sai ga abinci. Ba fushi kaɗai ke cinta ba, tsoro ne. Ta daɗe tana ganin wasu abubuwa tana yin shiru. Ya tambaye ta abu ta amsa, kafin ta kai ƙarshen ɗinki ya sake tambaya. Ya fita da takalmi wari-da-wari. Sau biyu ta tsinci hularsa a cikin kwandon kwanuka, ya ce jikoki ne, alhali rabon jikoki da gidan an kwana biyu.

Ranar Laraba ta yafa mayafi ta biyo shi da gwangwanin maɓallanta a hannu. Ya tambaye ta ina za ta, ta ce zare za ta saya, hanya ce ta haɗa su. A mararraba ya ɗaga murfi, ya zura ƙarfe, ya kama hannun da hannu biyu ya fara murɗawa yana ƙirgawa a fili kamar yadda ya saba. Ita kuma tana tsaye a bayansa, duk zagaye ɗaya ta ɗauki maɓalli ɗaya ta sa a tafin hagunta. Ya kai tara lafiya lau. Wata mota ta danna hon, ya ɗaga kai, ya mayar, ya ce, "Goma sha huɗu." Da ya kai goma sha takwas ya zare ƙarfen yana haki.

Ta buɗe masa tafinta.

"Ƙirga, Malam."

Ya ƙirga, goma sha huɗu ne. Ya sake ƙirgawa, bai ƙaru ba.

"Daga tara ka tsallaka," ta ce. "Ba mai taɓa maka bawul. Ba a taɓa taɓawa ba."

Ya dube ta, irin duban da yake yi wa mai bulo. Shekara arba'in suna tare, ba ta taɓa ganin wannan idon ya juyo kanta ba.

"Har da ke," ya ce. "Don ki wanke mijin 'yarki."

Ta mayar da maɓallan cikin gwangwani. Ta ce dai ya ƙara huɗu saboda matan da ke kwance a asibiti, in ya so ya zage ta a gida. Ya ƙara huɗun yana huci, wai don ya nuna mata ƙarya take. A ranar ruwa ya kai ƙarshen tudu kafin la'asar. Labari ya iske shi a gida, ya yi kamar bai ji ba.

Amma mai zargi na gaskiya ba ya iya barin abu bai bincika ba, ko da binciken kansa zai ci. Ranar Asabar ya faki idonta ya ɗebi maɓallai ya zuba a aljihun dama, ya fita shi kaɗai. Duk murɗi ɗaya ya tsaya ya mayar da maɓalli ɗaya aljihun hagu. Ya yi a hankali, ba mota, ba mai magana, ba kowa kusa sai mai faci da ke can yana fama da taya. Da bakinsa ya ce goma sha takwas, ya zauna a gefen kwalbati ya zazzage aljihun hagu a cinyarsa. Goma sha biyu ne. Ya laluba ko aljihun ya huje, bai huje ba.

Ya daɗe a zaune. Ya tuna ungozoma da jarkarta ɗaya, ya tuna gidaje ukun nan, ya tuna surukinsa a durƙushe a gaban maƙwabta. Kunya ta rufe shi har ya ji kamar kowa a mararrabar ya san abin da ke cinyarsa. Bayan kunyar sai tsoro ya zo, wanda ya fi ta girma. In goma sha takwas na iya zubewa daga kan nan ba tare da ya ji faɗuwarta ba, to arba'in da ukun fa? Ya tashi ya cika shidan da suka rage, maɓalli bayan maɓalli, ya mayar da murfi.

Shagon walda ya fara zuwa. Surukin zai durƙusa, ya riƙe masa kafaɗa.

"Tashi. Ni ne ya kamata in durƙusa, gwiwa ce ba ta yarda. A gaban mutanen nan na faɗa, a gabansu nake janyewa. Na zalunce ka." Ya miƙa masa ƙarfen. "Auna shi ka ƙera biyu. Ka yi da kyau."

Daga nan ya wuce gidan ruwa da ƙafa. Injiniya na ganinsa a ƙofar ofis ta miƙe, don bai taɓa zuwa wurinta da kansa ba.

"Ɗauko littafinki, 'yar nan. Ki sa takalmin tafiya."

Kwana huɗu suka yi suna zaga gari, ita da leburori biyu da shi a gaba. Nan ƙarƙashin teburin mai shayi, murɗi goma. Can bayan shagon mai gyaran rediyo, ana murɗa shi hagu ba dama ba, wanda ya sa shi bahago ne. Tana rubutawa, leburori na shafa jan fenti a bango. Yana sauri har tana roƙonsa ya huta, ya ce ba shi da lokacin hutu. A kwana huɗun nan ta ji maganarsa fiye da yadda gidan ruwa ya ji a shekara talatin, har da labarin wanda aka binne wa takalmi a ramin bututu saboda rowa.

Na talatin da tara shi ne na layin asibitin haihuwa, wanda in an same shi za a iya tura wa asibitin ruwa ko sauran tudu bai samu ba. Suka iso layin da hantsi. An zuba kwalta, an ja katanga dama da hagu, bishiyar da yake kwatance da ita an sare ta. Ya taka zuwa dama ya tsaya. Ya tsallaka hagu ya tsaya. Ya dawo tsakiyar titi yana juya ƙarfe a hannu. Da hannunsa ya binne wannan, ya tuna zafin ranar, ya tuna har rigar da ke jikinsa. Gefen ne kawai babu, wurin ya zama fili fetal a kansa. Ungozoma ta fito bakin ƙofa tana kallonsu.

Injiniya ta rufe littafinta a hankali.

"Ba komai, Baba. Mu je ka huta, gobe za ka tuna."

Ya girgiza kai, idanunsa sun kawo ruwa, bai damu ya ɓoye ba.

"Kada ki yarda da goben nan, 'yata. Sa su tona duka gefen biyu, yau. Waɗanda na faɗa miki jiya da shekaranjiya ma, kada ki ɗauka don ni na faɗa. Ki koma ki buɗe kowanne ki gani da idonki."